Filin Mai Wayarin: Rediyo Na Shanye Batir, Fiyus Na Ƙonewa, Fitilun Baya Na Rawa

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Agege. Wannan watan saƙonni sun taru da yawa kuma ban yi mamaki ba, damina ce, duk shekara da zarar ruwan Yuni da Yuli ya fara kwanciya a titunan Ikko haka wayata ke cika da kukan masu akori-kura. Na tsinci guda bakwai, wanda bai ga nasa ba ya yi haƙuri sai wata mai zuwa. Roƙona ɗaya, in za ku rubuto ku riƙa faɗin irin motar, sannan ku faɗi abu na ƙarshe da aka taɓa a jikinta kafin matsalar ta fara, don wallahi rabin amsar a nan take.

TAMBAYA: Slm Oga, dan Allah ina da Hilux da nake ɗaukan tumatir da attaruhu daga Mile 12, wata uku da suka wuce nasa aka sa min rediyo irin mai android ɗin nan mai allo da amfilfaya da wufa a bayan kujera, tun daga lokacin in na ajiye motar kwana biyu ban tayar ba sai batir ya mutu sai an tura, na canja batir har sau biyu, yanzu bakanike na cewa wai altaneta ce in kawo kuɗi a je Ladipo. Meye shawara? Daga wani mai kayan gwari, Mile 12.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka ba da kuɗin altanetar nan tukuna, ka riƙe abinka. Kai da kanka ka faɗi ɓarawon a cikin tambayarka, ka ce tun ranar da aka sa rediyo abin ya fara, toh me ya kai mu Ladipo kuma?

Bari in maka bayanin yadda abin yake. Duk rediyon kasuwa, na Alaba ne ko na ina ne, za ka ga wayoyi uku na wuta a bayansa. Ruwan ɗorawa ita ce mai wuta kullum, kai tsaye daga batir, ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja ita ce ta makulli, sai ka murɗa makulli take samun wuta, ita ke ce wa rediyo tashi ko kwanta. Baƙa kuma ita ce at, wato negetif da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Abin da yara masu gaggawa ke yi shi ne, neman wayar makulli a cikin dashbod yana cin lokaci, ga wani kwastoma na jira, sai kawai su murɗe ja da ruwan ɗorawa wuri ɗaya su jona su da mai wuta kullum. Rediyo zai kama, kiɗa zai tashi, ka biya ka tafi kana sa albarka. Amma daga ranar rediyon nan bai ƙara barci ba, ko ka kashe allon cikinsa a farke yake kamar wayar hannu da aka kife. Alamar farko mai sauƙi, ka zare makulli gaba ɗaya ka danna rediyon, in ya kama toh ka kama ɓarawo ɗaya.

Na biyu shi ne amfilfayar. Akwai wata siririyar waya shuɗiya mai ratsin fari da ake cewa rimot, ita ke fitowa daga rediyo ta kunna amfilfaya ta kashe ta. Wasu sai su yi mata gada daga babbar wayar wuta a jikin amfilfayar kanta, shikenan ta zauna a kunne dare da rana. Ka je da daddare bayan ka kashe mota da kamar awa ɗaya, ka leƙa bayan kujera, in ka ga ɗan haske kore ko ka taɓa ka ji ɗumi, ka san ita ma tana cin rabonta.

Yi lissafi da kanka. A ce batir ɗinka mai 75 ne, wato ajiyarsa am 75 na tsawon awa ɗaya (am shi ne ma'aunin wutar da abu ke ja), rediyo na jan rabin am a ɓoye, awa 48 ya sha 24 kenan, kusan kashi ɗaya cikin uku, in amfilfaya ta ƙara nata am ɗaya a kai ai babu abin da zai rage na juya kik, balle in motar mai dizal ce da ke son wuta da ƙarfi da safe. Kuma batirin mota ba ya son a riƙa shanye shi ƙarƙaf ana sake cikawa, kowane zagaye yana rage masa rai, shi ya sa sabon da ka saya ma ya bi sahun tsohon, ba wai jabu aka sayar maka ba dole.

Yadda ake tabbatarwa kuwa da mita ne, irin ƙaramar nan ta dijital. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi don fitilar ciki kar ta ruɗa ku. A kwance kan batir na negetif, a sa mita a wurin 10A, jan bakinta a ramin 10A, baki ɗaya a kan batir ɗayan a jikin wayar da aka cire. Kar wanda ya taɓa kik ko ya kunna fitilar gaba a wannan halin, mitar za ta ƙone. In motar ta zamani ce a ba ta kamar minti 20 zuwa 30 kwamfutocinta su kwanta. Lafiyayyar mota ba ta wuce am 0.05 ba, in ka ga 0.4 ko 0.8 ko sama da 1 toh sai a fara zare fiyus ɗaya bayan ɗaya ana kallon mita, wanda aka zare lamba ta faɗi, layin nan ne. In an zare duka lamba ba ta motsa ba, a duba wayar amfilfaya da ta tafi batir kai tsaye, a duba tiraka, wato na'urar bin sawun mota, in an taɓa sa maka, daga ƙarshe a cire babbar wayar bayan altaneta, don dayod ɗinta in ya lalace yana mayar da wuta baya cikin dare. Kaga a nan ne kawai maganar bakanikenka za ta iya zama gaskiya, amma a ƙarshen layi take, kuma awo ne zai faɗa.

Ita altanetar gwajinta minti biyu ne. Mota a kashe tun dare, cikakken batir zai nuna bolt 12.6, in 12.2 ne ya kai rabi. A tayar, a auna a kan batir, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4, a kunna fitilu da fanka a ƙara totur kaɗan a ga ko za ta riƙe. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne gwajin nan na cire kan batir mota na aiki wai a ga ko za ta mutu. A zamanin Fijo 504 akori-kura an yi haka an kwana lafiya don babu abin ƙonewa a cikinta, amma motar da ke da birenbos, wato kwamfutar inji, batir shi ne ke shanye tsallen wuta, ka cire shi wutar ta yi sama ta daki birenbos ko sabon rediyon naka. Duk wanda ya ɗauko sifana zai yi maka wannan, ka riƙe masa hannu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Fiyus ɗin fitilar fakin da na dashbod kullum sai ya ƙone, na sa mai 10 ya ƙone na sa 15 ya ƙone, wani abokina yace in sa 30 ko in naɗa waya kawai kowa haka yake yi. Motar Nissan ce muna ɗaukan raguna da ita. Direba, Alaba Rago.

AMSA: Ƙanina, abokin nan naka ka gaishe shi amma kar ka ƙara jin shawararsa a kan wuta. Fiyus maigadi ne, aikinsa ya mutu don waya ta rayu. Siririyar wayar da kamfani ya ba fiyus mai 10, in ka ba ta 30 ko ka naɗa tagulla ko takardar sigari, ranar da ta yi shot wayar ce za ta zama fiyus, ta yi ja tun daga bonet har bayan mota tana narka 'yan uwanta da ke ƙunshe tare da ita. An taɓa jawo min wata akori-kura nan shago, ƙusa ce aka lanƙwasa aka cusa a gurbin fiyus, da muka buɗe dashbod wayoyi sun narke sun zama dunƙule ɗaya baƙi ƙirin kamar ƙanzo, warin roba har washegari bai bar rumfar ba. Mai motar ya ce a tsakiyar gadar Third Mainland hayaƙi ya fara fitowa ta wurin iska, ka san gadar nan kusan kilomita 12 ce, ba wurin tsayawa ba ne, Allah ne ya rufa asiri da ruwan leda ya kashe. Kuɗin fiyus nawa ne, kuɗin ƙunshin wayoyin mota gaba ɗaya nawa ne?

Ka haddace kalolin fiyus irin na roba mai ƙafa biyu, ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30, ruwan ƙasa 7.5. Abin da aka rubuta a murfin akwatin fiyus shi za ka mayar, ba ƙari.

Ga dabarar da maigidana ya koya min tun ina riƙe masa tocila, har yau ban ga wadda ta fi ta ba. Maimakon ka yi ta ƙona fiyus, ka samo ƙwan fitilar sigina mai wat 21, ka jona masa waya biyu, ka soka su a ƙafa biyun gurbin fiyus ɗin, ka cire ƙwayayen fitilun fakin, sai ka kunna. In akwai shot ƙwan zai haska tar, kuma babu abin da zai ƙone don shi ke tare wutar. Sai ka sa yaro ya zuba masa ido, kai kuma ka bi ƙunshin waya kana girgizawa, kana cire soket ɗaya ɗaya. Inda ka taɓa hasken ya dushe ko ya mutu, nan ne.

Tunda raguna kake ɗauka, ni zan fara da baya. Wayar fitilun baya tana bin shasi ne a ƙarƙashin bodi, fitsarin dabbobi da ruwan wanki na tsiyaya a kanta kullum, ga masu walda sun ɗora maka keji wataƙila sun gasa ta ko sun matse ta da ƙarfe. Ka duba wayar fitilar lamba ma, ita aka fi mantawa, tana nan tana lilo tana gogar bamba har ta fere. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In kuma an taɓa canja maka rediyo, ka duba wata waya ruwan lemo a bayansa, ta hasken dashbod ce kuma layinsu ɗaya da fakin, sau da yawa ana yanke ta a bar ta tsirara tana taɓa ƙarfe, ko mai sa rediyo ya ɗauka at ce don ya auna ta fitila a kashe.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Abin mamaki nake gani, in na taka birki sai fitilar dashbod ta kama, in na sa sigina ta dama sai duk fitilun baya su rinƙa ƙiftawa tare a hankali, jiya har an tsayar dani a hanya saboda haka. Satin da ya wuce na shiga ruwa wajen Oshodi har ya kusa rufe taya. Ɗanka daga Idi Araba.

AMSA: Lafiya lau ɗana. Wannan at ne, ko rantsuwa zan iya yi ban ga motar ba. Wuta dole ta koma batir, hanyarta ta komawa ita ce ƙarfen mota. Ƙwan birki zare biyu ne a cikinsa, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na fakin, kuma at ɗinsu ɗaya. In at ɗin ya yi tsatsa, wutar birki ta zo ta rasa hanyar fita, sai ta bi ta zaren fakin ta koma gaba, shi ne kake ganinta a dashbod. Kamar ruwan kwata ne in an toshe masa hanya, gidan maƙwabci zai shiga.

Akori-kura ta fi ƙaramar mota wannan ciwon saboda bodin baya daban yake da kan motar, kuma iskar Legas mai gishiri ce ga laima, tsatsa ba ta jira. Ka kwance fitilar bayan, ka zubar da ruwan da ya taru, ka duba soket in ya yi kore ko fari kamar gari ka kankare. Ka bi wayar at har inda aka ɗaure ta da noti, a Toyota yawanci fara ce mai ratsin baƙi, ka kwance ka goge wurin da samfefa sai ƙarfe ya yi ƙyalli, ka ɗaure tam sannan ka shafa giris a kai. Kafin ma ka yi wannan wahalar, ɗauki doguwar waya daga negetif na batir ka taɓa jikin soket ɗin ƙwan, wani ya taka birki, in rawar ta tsaya ka gama bincike. Ka kuma tabbata ba a cusa maka ƙwai mai zare ɗaya a gurbin mai zare biyu ba, shi ma yana kawo irin wannan haukan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da L200 da direba ke kai min lemo da ruwan roba shaguna, mun sa sifiku da amfilfaya don yana son sauraron karatu a go-slow, amma akwai wani kuka siriri kaman na sauro, in ya taka totur kukan ya ƙaru in ya saki ya ragu. An sayar mana da wani abu wai filta har biyu ba a dace ba. Wata Hajiya, Obalende.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Kukan altaneta ne ke shiga layin sauti, shi ya sa yake bin totur. Filta kuwa ni a wurina kamar mutum ne rufinsa na yoyo ya je ya sayo bokiti. Wani lokaci tana rage shi, amma ramin na nan.

Ki sa a duba abu uku. Na farko inda aka ɗaure at na amfilfaya, na sha ganin an maƙala shi a sukurun kujera a kan fenti, ko an ja shi dogo har gaba. Gajere ake so, kaurinsa daidai da na wayar wuta, a kan ƙarfen da aka kankare. Na biyu wayoyin sauti masu kai ja da fari da ke tafiya daga rediyo zuwa amfilfaya, in an kwantar da su gefe ɗaya da babbar wayar wuta a ƙarƙashin kafet za su kwashi kuka, wuta ta bi gefen dama sauti ya bi hagu. Gwajin ba wuya, a zare su daga jikin amfilfaya a tayar da mota, in kukan ya ɗauke matsalar daga rediyo ne ko wayoyin, in yana nan toh amfilfayar ce ko at ɗinta. Na uku kan batir da wayar da ta haɗa inji da bodi, kanikawa in sun sauke giya ko inji suna yawan mantawa su mayar da ita ko su bar ta sako-sako.

Tunda an zo wurin Hajiya, ki ce direban ya buɗe bonet ya bi babbar wayar amfilfaya daga batir. Dole a sami fiyus a jikinta kusa da batir, kar ya wuce kamar santimita 45. Wanda ke jikin amfilfaya kanta yake karewa, bai san da wayar ba. Kuma inda ta huda ta shiga cikin mota a ga akwai roba a bakin ramin. Wannan ya fi kukan sauron muhimmanci nesa ba kusa ba. Wayar ma a kankare bakinta da wuƙa, in cikin ya fito fari alminiyom ce aka yi wa wankan tagulla, ta cika kasuwa yanzu, ba ta ɗaukar wuta kamar tagulla ta gaske kuma a laimar nan tamu ruɓewa take ta zama gari.

TAMBAYA: Oga na sayi rediyo tokumbo mai kyau amma lambarsa daga 76 take farawa ta tsaya a 90, bana samun Wazobia bana samun Traffic Radio. Ya lalace ne? Daga Ijora.

AMSA: Lafiyarsa ƙalau, ɗan Japan ne. Su can FM ɗinsu daga 76 yake farawa, namu kuwa 87.5 zuwa 108, Wazobia tana 95.1, Traffic Radio tana 96.1, duk sun fi ƙarfinsa. Akwai ɗan akwati da ake sawa a layin eriya yana sauko da tashoshin, za ka ji su amma lambar da ke allo ba za ta yi daidai ba kuma sautin kan ragu. In kuɗinsa ya kusa na wani rediyon, canja kawai.

TAMBAYA: Malam sifikar ƙofar direba tana ɗaukewa tana dawowa, musamman in na buɗe ƙofa ko na faɗa rami, wani lokaci ma duk rediyon sai yayi shiru amma allo na kunne. Kuma ina so in ƙara sifiku biyu a baya in haɗa da na ƙofa. Mai kai nama daga mayankar Oko-Oba.

AMSA: Maƙwabcina ne ashe, sannu da aiki. Buɗe ƙofar ka dubi tsakaninta da bodi, akwai wata roba kamar maƙogwaro da wayoyi ke bi ta ciki. Direban da ke sauke kaya yana buɗe ƙofar nan sau nawa a rana? Tagullar ciki tana karyewa alhali robar waje na nan lafiya, ido ba zai gani ba, sai ka ja kowace waya a hankali, wadda ta miƙe kamar cingam ita ce. Kar a ɗaura a daidai wurin lanƙwasar, a yanke a sa sabon guntu mai laushi yadda haɗin zai faɗa cikin ƙofa da cikin mota, a yi masa dalma a rufe da robar nan da ake gasawa ta kama. Murɗawa da hannu a naɗe da salatif, zafin Legas wata biyu ya isa ya saki gam ɗin.

Shirun da rediyo ke yi gaba ɗaya kuma kare kansa yake yi, wayar sifika ce ke taɓa ƙarfe. Rediyon yanzu kowace sifika wayarta biyu ne nata na kanta, fari gaba hagu, toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, mai ratsin baƙi ita ce negetif ɗin kowacce, ba a haɗa ta da bodi kuma ba a haɗa ta da ta wata. Wannan kalolin na wayar rediyon kasuwa ne fa, na jikin mota kowane kamfani da nasa. In kana neman wace waya ce ta wace sifika, ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 ya isa, ka taɓa za ka ji ɗan ƙwas daga ƙofar. Amma duk soket ko ƙunshin da ka gani ruwan ɗorawa shar a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, na eyabag ne, kar batir ko fitilar gwaji su kusance shi.

Maganar ƙari, sifikar mota om 4 ce (om shi ne ma'aunin yadda take tare wuta), in ka haɗa biyu a wayoyi ɗaya, fozitif da fozitif, negetif da negetif, sun koma om 2, rediyo zai yi zafi ya ƙone abin sautinsa. Tunda yana da layin baya, kore da shunayya, ka ja musu wayarsu daban. Sannan mai ɗaukar nama, ɓera abokin tafiyarka ne, ka leƙa bayan dashbod da ƙarƙashin kafet da tocila, in ka ga kashinsa ko guntayen roba kamar an barbaɗa, ka san akwai sauran aiki bayan na ƙofa.

TAMBAYA: Batir ɗina ya mutu a layin Apapa, wani mai tirela ya taimaka ya ja min wuta, motar ta tashi amma tun lokacin rediyo baya kamawa, fitila ɗaya ta mutu, mitar mai ma bata motsi. Direba, Ajegunle.

AMSA: Ayya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yawancin manyan motocin nan bolt 24 suke, batir biyu ne a jere, taka kuwa 12 ce. In daga batir ɗaya ya ba ka da ba komai, da alama daga duka biyun ya ɗauko, ko kuma a cikin duhu an juya kan waya na ɗan lokaci. Kar ka sayi komai tukuna. Fara da fiyus, na cikin mota da na bonet, har da manyan nan da ake ɗaurewa da noti kusa da batir, kuma da mita za a auna su don wani yana tsagewa ido bai gani ba. Rediyo yana da nasa ƙaramin fiyus a bayansa, yawanci mai 10 ko 15, sai an zaro shi ake gani. Ƙwan fitila canja shi za a yi. Mitar mai tana kan fiyus ɗin agogon dashbod, in an canja ba ta dawo ba sai a kwance agogon a kai wa masu gyaransa. Bayan nan a auna cajin altaneta kamar yadda na faɗa wa Alhaji na Mile 12 a sama, in ta wuce 15 kar ka yi tafiya da ita, za ta dafa batir ta ƙara kashe wasu ƙwayayen. Ka rubuto min abin da mita ta nuna a kan batir, mota a kashe da kuma tana aiki, da lambar fiyus ɗin da kuka samu a ƙone.